Masu Sauya wa Laftof Babbar Manhaja

A layin masu gyaran kwamfuta, ko a titin Beirut na Kano ne, ko Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, aiki kashi-kashi ne, kuma kowa ya san nasa. Akwai mai canza sikirin da kibod. Akwai na allon ciki, wanda ke wuni duƙe kan darma da madubin ƙara girma, shi ne ake ce wa injiniya da cikakken baki. Sai kuma ɗan sofwaya, wanda jarinsa bai wuce tebur guda da soket mai baki da yawa da tarin filash a cikin gwangwani ba. Aikinsa da kowa ya sani shi ne fomatin: a goge na'ura, a ɗora mata Windows, a zuba Office da manhajar kallon fim, a miƙa wa mai ita. Cikin 'yan sofwayar nan akwai 'yan tsiraru da ke ajiye wani filash na daban, ba sa fito da shi sai an kawo laftof ɗin da Windows ta fi ƙarfinta. Su ne masu ɗora Linux.

Kafin a gane aikinsu sai an san irin kayan da ake kawo musu. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata ba a kwali aka saye su ba. Tokumbo ne: ofisoshin Turai da Amurka sun more su shekaru, sun sauya, dillalai suka tattara suka lodo zuwa Legas, daga can suka bazu Arewa. A cikinsu akwai masu ƙashi, irin su ThinkPad T430 da HP Folio 9470m da EliteBook 840 G3 da jerin Latitude na Dell. Tsufa kawai suka yi, amma ƙirar ta gari ce. Akwai kuma waɗanda tun daga masana'anta da rauni suka fito, irin HP Stream, 'yar siririya mai launin shuɗi, mai ram gigabait 2 ko 4 da ma'ajiyar gigabait 32 da aka liƙe a jikin allo, ba ta ciruwa balle a ƙara. Araha ba ta ado. Windows 10 kaɗai takan cinye fiye da rabin wannan ma'ajiya, in kuma lokacin sabuntawa ya zo sai ta nemi wurin da babu shi, ta tsaya cak. Mai ita ya goge hotuna, ya goge fina-finai, har ya rasa abin gogewa, jan layin da ke nuna ma'ajiya ta cika yana nan bai motsa ba. Kayan raƙumi ne aka ɗora wa jaki.

Sai ga shi ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafi daga Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista ta musamman. Magajiyarta, Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: ram gigabait 4, ma'ajiya 64, wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesa wadda in ta Intel ce sai daga zubi na takwas zuwa sama. EliteBook 840 G3, wadda zubi na shida ce kuma har gobe tana aiki lafiya lau, ba ta cika sharaɗin ba. Da yawa daga 'yan sofwaya sun san dabarar tsallake wannan shinge, domin manhajar Rufus da suke shirya filash da ita tana da wurin da za a latsa a cire binciken. Na'urar za ta tashi, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata da gyara ba. Wasu kuma su bar mutum kan tsohuwar Windows ɗinsa ta kwafi, da rubutun nan mai dishi-dishi a kusurwar sikirin yana neman a biya lasisi.

Ita Linux kyauta ce, kuma ba ta sata ba. Wani ɗalibin jami'ar Helsinki a ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta ƙwayarta a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983. Kowa na da izinin ya ɗauka, ya gyara, ya raba, shi ya sa ta yi rassa barkatai. Debian ta fito a 1993. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a kan Debian, ta fito a 2004. Linux Mint kuma ta biyo a 2006, an gina ta a kan Ubuntu. In abokin ciniki ya yi turus ya ce bai taɓa jin sunan ba, mai sana'ar yakan nuna masa wayar da ke hannunsa, domin Android ma a kan ƙwayar Linux take zaune.

Ɗora ta ba wuya. Yaron shago da ya yi wata guda yana kallo zai iya, tunda latse-latse ne da ba su fi goma ba. Inda gwani ya bambanta da ɗan koyo shi ne kafin a taɓa na'urar, a wajen tambayar nan da za ka ji suna yi: "Malam, me za ka riƙa yi da ita?" Amsar ce ke yanke komai. Mai shagon buga takardu da ke zana katin biki da kalandar siyasa da CorelDRAW, ba a ɗora masa Linux, domin manhajar ba ta hawa kanta. Haka ɗalibin zanen gine-gine mai buƙatar AutoCAD. Haka uban da ya saya wa 'yarsa laftof don atisayen jarrabawar JAMB, tunda da yawa daga manhajojin atisayen na kwamfuta don Windows aka yi su. Akwai wata hanya mai suna Wine da ke sa wasu manhajojin Windows su buɗe, sai dai wata ta yi, wata ta ƙi, kuma mai mutunci ba ya jingina abincin wani a kan wataƙila. Irin waɗannan sai a ce musu, "Alhaji, taka Windows za ta zauna, sai dai mu ƙara mata ram." Amma malamin makaranta mai rubuta jarrabawa, da ɗalibar da ke haɗa kundin kammala digiri, da mai koyon rubuta manhaja, da wanda duk harkarsa a burauza take, waɗannan Linux ta ishe su har da saura.

A ganina wannan tambaya ita ce sana'ar. Akwai masu zafin son Linux da ke ɗora wa duk wanda ya shigo, kamar masu wa'azi, kuma su ne suka fi ɓata mata suna. Mutum ya koma gida, ya nemi abin da ya saba bai gani ba, gobe ya gaya wa mutum goma cewa an lalata masa kwamfuta.

Bayan tambaya sai kwashe kaya. Ba a yarda da "ai babu komai a ciki", domin bayan an goge ne ake tuna hotunan suna da takardar filin gado. Gwani yakan kwafe komai zuwa wata ma'ajiya a gaban mai ita, ya sa shi ya duba da idonsa. Nan ma akwai amana: abin da ke cikin laftof ɗin mutum sirrinsa ne, kuma yaron da aka kama yana leƙen hotunan mutane ba ya daɗewa a shagon kirki.

Sannan a zaɓi wadda ta dace da ƙarfin na'ura. Mai ram gigabait 4 zuwa sama takan ɗauki Linux Mint cikin sauƙi, kuma an fi son ta saboda fuskarta ta yi kusa da abin da mutane suka saba: maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama. Mai gigabait 2 sai a nemo mata mara nauyi, Mint mai fuskar Xfce ko Lubuntu. In tsohuwa ce tukuf mai furosesar 32-bit, zaɓi ya ƙuntata, domin Ubuntu da Mint sun daina fitar da irin nata tuni, sai su antiX. Fayil ɗin ɗorawa yakan kai gigabait 2 zuwa 3 ko fiye, don haka da datar dare ake sauke shi sau ɗaya, a yi ta amfani da shi. Tun da manhajar Ventoy ta fito a 2020 gwangwanin filash ya ragu, saboda tana ba da damar a tara iri-iri a filash guda, a zaɓa lokacin tashi.

Wajen tayar da na'ura daga filash, kowane kamfani da ƙofarsa. HP sai an danna F9 da zarar an kunna, Dell F12, wasu ƙirar Lenovo kuma suna da ɗan rami a gefe da ake tsokana da allura. Ɗan koyo yakan haddace waɗannan kafin ya haddace sunan maƙwabtan shago. In an shiga, ba a ɗorawa nan take. Linux tana iya tashi daga filash ba tare da ta taɓa abin da ke cikin na'ura ba, kuma a nan ake gwaji: a kunna sauti, a buɗe kyamara, a shafa wurin linzami, a rage hasken sikirin a ƙara, a rufe murfi a buɗe a ga ko za ta farka. Abin da ya ƙi aiki a wannan mataki ba lalle ya gyaru don an ɗora ba, gara a sani tun mai ita yana tsaye.

Abin da ya fi ba su ciwon kai shi ne Wi-Fi. Wasu katunan kamfanin Broadcom ba sa aiki sai an sauko musu da direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa su da babbar, ga shi kuma ba a sauko da ita sai da intanet. Mafitar da kowa ya sani ita ce a jona waya da kebul, a ara wa laftof ɗin data ta nan, a sauko da direban, sannan a cire. Wani katin Realtek da ya cika ƙananan HP, RTL8723BE, shi kuma ya yi suna wajen kama sigina da rauni, sai an gaya masa da wace eriya zai yi aiki a cikin biyun da yake tsammani. A tsofaffin na'urori da katin ke ciruwa, wasu ba sa ɓata lokaci: su zare shi, su sa na Intel da suka ciro daga wata matacciyar laftof, magana ta ƙare. Na'urar buga takarda ma haka. Yawancin na HP da an jona suke kamawa, amma Canon LBP2900, wadda ta cika shagunan buga takardu, sai an sha fama da ita.

Wani yakan ce a bar masa duka biyun, ya zaɓa lokacin kunnawa. Ana yi, in ma'ajiyar ta isa. Sai dai akwai wani ɗan abin dariya da ke biyo baya: duk sanda ya fita daga Linux ya shiga Windows sai ya ga agogo ya koma baya da awa guda. Ba aljanu ba ne. Linux tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya na Greenwich, Windows kuma tana ɗaukarsa lokacin gida, mu kuwa a Najeriya da Nijar awa guda muke gaba. Layi ɗaya ake rubutawa a gyara, amma wanda bai sani ba sai ya canza batirin agogo a banza.

Chromebook babi ce mai zaman kanta. Google ya fito da ita a 2011, makarantun Amurka suka saye ta da yawan gaske, kuma kowace da ranar da za a daina aiko mata da sabuntawa. In ranar ta wuce sai su yi gwanjonsu, su iso kasuwanninmu da arahar da ke ruɗar mai saye, ya ɗauka laftof ce irin wadda ya sani. Sai ya je gida ya tarar ba ta karɓar Office ɗin da ya saba da shi, kuma rabin amfaninta sai da intanet. A nan ne ɗan sofwaya ke ɗaukar sukundireba. A tsofaffi irin Acer C720 akwai wani noti a jikin allo da ke hana a taɓa manhajar tushe, sai an kwance shi. A na baya-bayan nan batir ake cirewa, a bar ta kan caja. Daga nan a shigar da ita yanayin masu ƙira, a sauya manhajar tushen da wadda wani mai suna MrChromebox a intanet yake rabawa kyauta, sai ta zama kamar kowace laftof. Wannan fa ga masu furosesar Intel ko AMD ne. Masu ARM ba sa karɓa, kuma gwani yakan duba lambar ƙira kafin ya ce zai iya. Mintunan da ake rubuta manhajar tushe su ne mafi hatsari a duk aikin. In wuta ta ɗauke a tsakiya alhali an cire batir, na'urar ta mutu, ko fitila ba za ta nuna ba, sai an nemo 'yar na'urar CH341A mai maƙata a maƙale guntun a sake rubuta shi daga waje. Shi ya sa ba wanda ya san abin da yake yi da zai fara wannan aiki da wutar NEPA. Sai an tada janareto, ko a jona inbata. Ko an gama lafiya, wasu ƙirar sukan fito babu sauti, kuma wannan ma ana faɗa wa mai ita tun farko.

Akwai Chromebook ɗin da za a kunna ta nuna cewa mallakar wata makaranta ce, an kulle ta. Akwai laftof mai kalmar sirri tun daga ƙofar shiga, wanda ya kawo ta kuma ya ce ya manta. Mai hankali yakan nemi rasit, in babu ya ce a kai gaba. Goge na'ura yana shafe shaidar mai ita, kuma in 'yan sanda suka biyo sawun kayan sata, teburin da aka yi fomatin nan za su fara tsayawa.

Masu gaskiya a cikinsu ba sa yi wa Linux ƙarin gishiri. Za ta tashi da sauri, za ta bar wa mutum wuri a ma'ajiya, amma ba za ta mayar da ram 2 ya zama 8 ba. Shafukan intanet na yau nauyinsu ɗaya ko a kan me aka buɗe su, kuma wanda ya jera shafi goma sha biyar a burauza zai ga tsaiko ko da wace manhaja yake. Sau da yawa ma rabin saurin da ake yaba wa Linux daga SSD yake, wadda aka sa a madadin tsohon faifai mai juyawa a rana guda. In kuɗin mutum na abu ɗaya ne, SSD ɗin ake ce ya fara saya.

Aiki bai ƙare da ɗorawa ba, sai an zaunar da mai ita. A nuna masa LibreOffice a matsayin Office, a saita ta ta riƙa ajiye rubutu a tsarin Word don kada ya kai wa malaminsa fayil ya ƙi buɗewa. Ɗalibai kan dawo da kukan cewa shafukan kundinsu sun zame da aka buɗe a shagon bugawa. Yawanci rashin samfurin haruffa ne, don haka ake sa musu Times New Roman, ko a nuna musu Liberation Serif wadda faɗin haruffanta daidai yake da nata, sannan a koya musu su mayar da aiki PDF kafin su fita da shi. Marubucin Hausa kuma yana da wata garaɓasa da ba kowa ya sani ba: a jerin kibod na Linux akwai na Hausar Najeriya da na Hausar Ghana, da an zaɓa ɓ da ɗ da ƙ suna nan ba sai an sauko da komai ba. Sai gargaɗi na ƙarshe, wanda in an manta da shi waya za ta yi ƙara da daddare: a baƙin allon umarni, in ana rubuta kalmar sirri ba abin da ke fitowa, ko ɗigo. "Hajiya, kibod ɗinki lafiyarsa ƙalau, ki rubuta kawai ki danna."

Duk da haka wasu sukan dawo cikin mako su ce a mayar musu da Windows, ba don wani abu ya lalace ba, sai don sabo. Wannan ba a kanmu aka fara ba. A 2007 kamfanin Asus ya fito da Eee PC, 'yar ƙaramar laftof mai sikirin inci 7, da Linux a cikinta, ta yi kasuwa sosai. Microsoft ya tsawaita ran Windows XP musamman saboda irin waɗannan ƙananan na'urori, kuma cikin 'yan shekaru yawancinsu da Windows ake sayar da su. A 2007 ɗin ce kuma aka kai koren laftof ɗin nan na shirin One Laptop per Child, wanda Nicholas Negroponte ya jagoranta, wata firamare a Galadima da ke Abuja don gwaji, shi ma da Linux. Shirin bai yaɗu a ƙasar ba. Har yau sababbin laftof masu araha da ke zuwa da FreeDOS ko Ubuntu don a rage farashi, yawanci tun a shago ake goge su a ɗora Windows ta kwafi kafin mai saye ya fita.

Ta fuskar kuɗi kuwa, sana'ar tana cin kanta. Mai Windows ta kwafi abokin ciniki ne na dindindin: yau bairos ɗin nan da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi ya shigo ta filash daga shagon bugawa, gobe lasisi ya ƙare, jibi ta yi nauyi a sake fomatin. Wanda aka ɗora wa Linux ta zauna masa, sai a shekara ba a gan shi ba, domin wancan bairos ɗin ba ya tashi a kanta, kuma zubin Ubuntu mai dogon wa'adi shekara biyar ake tallafa masa. Ga shi aikin ya fi cin lokaci, kuɗin kuwa mutane ba sa yarda ya wuce na fomatin, tunda an ce musu manhajar kyauta ce. Shi ya sa ba za ka sami wanda ya dogara da wannan kaɗai ba. Riba tana wajen SSD da ram da batir da ake sayarwa tare, da kwangilar makarantu masu zaman kansu da cibiyoyin koyon kwamfuta da ke son a tayar musu da tsofaffin na'urori ashirin ko talatin a lokaci guda. Hatta waɗanda ba sa ɗora wa kowa Linux suna ajiye filash ɗinta, saboda in Windows ta ƙi tashi da shi ake shiga a kwaso kayan mutane.

Koyon ma ba irin na sauran layin ba ne. Canza sikirin a wajen maigida ake gani a iya. Wannan kuwa rabinsa karatu ne: na'ura ta fito da saƙon kuskure da Turanci, a kwafe shi a bincika, a tarar wani a Brazil ko Indiya ya gamu da irinsa shekaru da suka wuce ya rubuta yadda ya yi. Yaron da ba ya son karatu ba ya nisa a ciki. Wanda kuma ya jure ya saba da allon umarni, ba kasafai yake daɗewa a teburin ba, domin yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da Linux suke aiki, kuma masu neman wanda zai kula musu da su sun fi kasuwa biya. Maigida ya koyar, yaro ya ƙware ya tafi, a sake ɗauko wani a fara daga F9 da F12.